Talata: Katanga Ɗaya, Hanya Biyu

An bar mana wuta har asuba, kwamfuta ta cika taf, Inna kuma ta yi ƙosai. Da fara'ata na fita.

Wajen sha ɗaya na kai wa Malam, mai duba aikin digirina, sakamakon gwajin da na yi a kwamfuta kan sabis ɗin waya na 5G. A mitar gigahaz 28, inda zangon igiyar siginar bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba, sigina ba ya ratsa ginin bulo, ko mutum ya gitta gabanka sai siginar ya yi rauni sosai. Na zuba na'urorin miƙa saƙo tsakanin turken sabis da waya, adadin masu samun sabis ya ɗaga. Malam ya ji daɗi, ya ce in rubuta.

Na ce, "Malam, Allah ya gafarta, lissafin nan fa ya ɗauka cewa abin da ya tare hanya ta farko (daga turke kai tsaye zuwa waya) daban, wanda zai tare ta biyu (wadda ta bi ta na'urar miƙawa) daban. To idan katanga ɗaya ce doguwa ta tare su duka?"

Ya ce, "Haka aka saba yi don lissafi ya yi sauƙi. Ka gama digirinka tukuna."

Ban ja da shi ba, amma tun azahar abin ke cina. Miƙawar ba kyauta ba ce: dole turke ya hango na'urar, ita ma ta hango wayar, kuma in ba ta iya karɓa da aikawa a lokaci guda, gudun ya ragu kusan rabi. In ka jera goma a bayan gini ɗaya, asarar kuɗi kawai ka yi. Guda ɗaya a bakin kwana ta fi su. Mutanen Chicago a Amurka sun ga irin wannan a 2019 da kamfanin waya na Verizon ya kunna 5G: ka sha kwana, sabis ya ɓace.

Namu na nan Najeriya a gigahaz 3.5 yake, wanda hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, bai kai haka tsoron bango ba. Amma da na bi ta lungunan cikin gari da yamma, katanga na bin katanga, sai raina ya ɓaci. Ranar da za a hau sama zuwa irin su gigahaz 28, da lissafin wa za a kafa musu na'urorin? Da irin wanda aka ce in rubuta?

Yaya ya kira kan kuɗin siminti. Tuwo ya huce, ban ci ba.

Gobe zan tsawaita gine-ginen cikin gwajin in sake kunnawa. Ko me ya fito, Malam zai gani ranar Alhamis.