Galan a But: Yadda Na Gano Inda Ruwan Lagireto Yake Tafiya

Kusan wata uku na yi ina yawo da galan ɗin ruwa a but ɗin motata, wadda ƙirar 1998 ce. Kullum da safe, kafin in tayar da inji, sai in buɗe lagireto in ƙara kamar rabin lita, har abin ya zame mini jiki kamar yadda ya zame wa da yawa daga masu tsofaffin motoci. Ban ɗauki al'amarin da muhimmanci ba sai wata rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yakan haura digiri 40, da allurar zafi ta hau ja ina tsakiyar cunkoson motoci a titin Zariya. Na samu na raɓa gefe, na kashe inji, ina jin ruwa yana ɓararraka a ƙarƙashin bonet.

Wani bawan Allah ya matso da tsumma zai buɗe mini murfin lagireto, na roƙe shi ya dakata. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, amma murfin nan yana riƙe matsi na kimanin bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), wanda yake ɗaga tafasar zuwa wajen digiri 120. Duk wanda ya kwance shi inji yana da zafi, matsin zai faɗi nan take, ruwan ya tafasa ya feso masa a fuska da hannu. Haka kuma ɗura ruwan sanyi a inji mai zafi yana iya tsaga ƙarfe. Sai da na jira fiye da rabin awa kafin in taɓa komai.

Bakaniken da na fara kai wa bai ko sunkuya ba ya ce tofsilinda ce, wato ƙarfen da ya rufe saman inji, sai an sauke. Wannan aiki ne mai tsada, kuma ni a ganina bai kamata a fara daga nan ba tun ba a kawar da ƙananan dalilai ba. Na kai wa wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, tambayar da ya fara yi mini ita ce: "Malam, a tsaye take zafi ko a guje?" Na ce a tsaye, domin a kan babbar hanya allurar ba ta wuce tsakiya. Ya ce to a fara da fanka.

Dalilinsa a fili yake. Idan mota tana gudu, iskar hanya ce take ratsa lagireto ta sanyaya ruwan, amma idan ta tsaya, fanka kaɗai ta rage. Wadda kuma take zafi a guje ko a hawan tudu, ta huce a cikin gari, an fi zargin lagireton da ya toshe ko famfon ruwan da fikafikansa suka cinye. Ya bar injin yana aiki har ya ɗauki zafi sosai, fanka ba ta motsa ba. Ya duba fiyus, lafiya lau. Da ya haɗa fankar kai tsaye da batir sai ta juya da ƙarfinta, wato matsalar tana wurin ɗan makunnin da yake jin zafin ruwa ya ba ta umarnin tashi.

Sai dai wannan bai amsa tambayar rabin litar da take ɓacewa kullum ba. Hanyar ruwan inji a rufe take, saboda haka ruwan da ya ragu dole akwai inda ya bi. Na sha shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana, in duba da safe ban ga ko ɗigo ba, domin akwai yoyon da ba ya fitowa sai ruwa ya yi zafi matsi ya hau, kuma yana taɓa jikin inji yake bushewa. Dattijon ya ce in daina neman jiƙa, in nemi tabo. Muka bi tiyo na sama da na ƙasa yana matsa kowanne da hannu, ko zai ji wanda ya yi laushi ko ya kumbura kusa da kilif. Ya haska tocila a ƙarƙashin famfon ruwa, inda akwai wani ɗan rami da yake ɗiga idan robar ciki ta mutu. Ya shafa kafet ɗin gaban kujerar fasinja, saboda hitar da take bayan dashbod ita ma ruwan inji ne yake bi ta cikinta.

Daga nan ya ɗauko wani famfon hannu mai agogo, ya ɗaura a bakin lagireto inji yana sanye, ya buga iska har adadin da aka rubuta a jikin murfin. Allurar agogon ta fara sauka a hankali. Can sai ga ɗigo ya taru a wuyan tankin roba na saman lagireto, daidai inda tiyo yake shiga. Tsagar ba ta fi kaurin gashi ba, kuma a ƙasanta akwai wani farin busasshen layi da na daɗe ina gani ina zaton ƙura ce.

Duk da haka bai sallami zancen gaskit ɗin tofsilinda ba, wato shimfiɗar da take hana ruwa shiga cikin mai ko inda fetur yake ƙonewa, tun da injin ya riga ya tafasa sau ɗaya. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya duba cikin murfin mai, ko ya koma kalar shayi da madara. Ya tsaya a bayan salansa ya ga ko farin hayaki zai ci gaba da fita bayan inji ya ɗumama. Ya kuma tayar da shi yana sanye, murfi a buɗe, yana kallon ko kumfa za ta riƙa tasowa ba ƙaƙƙautawa. Alhamdu lillahi, babu ko ɗaya.

Abu biyu muka yi saɓani a kansu da yaran garejin. Sun ba da shawarar a cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da yake hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗauki zafi, a ɗaure fanka ta riƙa juyawa kullum, wai ƙasarmu ba ta sanyi ba ce. Na ƙi, domin an ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma wanda ya daɗe bai kai zafinsa ba yana shan mai da yawa, yana saurin cinyewa. Tamostat ɗin sai muka saka shi a tukunyar ruwa a kan wuta, muka ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, muka mayar da shi. Na biyu shi ne liƙe tsagar da gam. Robar da ta shekara ashirin da ɗoriya tana shan zafi ta riga ta bushe, idan aka toshe nan za ta buɗe can, saboda haka na sayi wani lagireton da sabon murfi.

Da aka juye tsohon ruwan, ja ne jawur saboda tsatsa, kuma laifin ruwan rijiyar da nake ɗurawa ne, wanda yake barin gishiri a cikin siraran bututun lagireto. An wanke hanyar ruwan, an zuba ruwan sanyaya inji na gwangwani, aka bar injin yana aiki har iskar da ta maƙale ta fita. Ragowar na kulle shi a sito, domin guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, kuma akwai yara a gidan. Na ja layi da biro a jikin robar ajiyar ruwa, ina dubawa duk safiyar Asabar kafin in tayar da mota. Yau mako na bakwai ke nan ruwan yana kan layin.