Jiki ya cika, ƙashi ya rame

Ba a daɗe da ɗaukewar al'adata ba kayana suka fara matse ni a ƙugu, alhali ban ƙara cin abinci ba. A asibiti likita ta zagaya cikina da tef ɗin awo, ya haura santimita 88. Hawan jini ya wuce 130/85, sugan da aka auna kafin in karya ya haura 100. Ta ce alamomi biyar ne ke tafiya tare, sauran biyun su ne yawan kitse a jini da ƙarancin kolestarol mai amfani, kuma uku sun isa a ce matsalar da ake kira metabolic syndrome ta tabbata.

Sai ta rubuta mini gwajin kaurin ƙashi. Na ce mai jiki kamata me zai haɗa ta da raunin ƙashi? Ta ce, "Mama, tushensu ɗaya."

Sinadarin istirojin ne, sinadarin jikin mata da ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada. Idan ya ja baya, kitse ya koma taruwa a ciki, ƙashi kuma ya riƙa zaizayewa fiye da yadda jiki ke sake gina shi. Kitsen ciki ba zaune yake kawai ba, yana fitar da sinadaran kumburi masu zuga wannan zaizaya, bitamin D ma sai ya maƙale a cikinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na masu ciwon suga: gwaji zai iya nuna ƙashinsu da kauri, amma suga ya riga ya ɓata ingancinsa, faɗuwa kaɗan sai karaya. Nawa sakamakon gwajin kaurin ƙashin bai sauka zuwa maki −2.5 ba, inda ake cewa cutar raunin ƙashi ta kama, amma ya doshi can.

Na so in sauke ƙibar cikin gaggawa, likita ta hana. Ramar gaggawa da ƙashi da tsoka take tafiya. Don haka na bi a sannu: tafiya da sauri, hawan bene, da tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba. Da farko gwiwoyina har rawa suke a tashi na biyar. Na kula da furotin, da kalsiyam wajen miligiram 1,200 a rana, yawanci daga abinci.

Ƙugu ya ragu, suga ya sauka, ƙashi kuwa sai an yi haƙuri da shi. Na kuma nemi a duba magungunana, domin wani maganin suga, pioglitazone, yana ƙara haɗarin karaya a mata.