Ƙannena masu aiki da maikurojel, ku yi hattara da injin altirasawun

Ƙannena da ke shiga ɗakin gwaji yanzu, musamman masu aiki da maikurojel, waɗannan mitsi-mitsin ƙwayoyin folima masu taushi da ke shan ruwa su kumbura, dan Allah ku daina ɗaukar injin altirasawun, wato injin da ke girgiza ruwa da sautin da ya fi ƙarfin jin kunne, a matsayin abin gauraya kawai. Ni haka na ɗauke shi da farko, kuma sakamakon da na zubar saboda shi har yau yana min ciwo.

Lokacin sai in zuba mai da ruwa da ƙwayoyin PNIPAM (folimar da aka yi maikurojel ɗina da ita) a 'yar kwalba, don ƙwayoyin su riƙe ɗigon mai cikin ruwa kar ya rabu, in tsoma bakin injin nan mai kilohaz 20, in bar shi yana ta ƙugi har abin ya yi fari fat, ina murna wai ya haɗu. Washegari in tarar mai ya taso sama ya ware abinsa. Na zargi man, na zargi ruwan, ashe zafi ne. PNIPAM da zarar ya haura wajen digiri 32 a ma'aunin Salsiyas sai ya fitar da ruwan cikinsa ya tsuke, shi kuma injin yana ɗumama ƙaramar kwalba cikin 'yan mintuna ba ka ma sani ba, kuma ƙwayar da ta tsuke ba ta kare ɗigon mai yanda wadda ta kumbura ke yi. Toh ku jiƙa kwalbar cikin ruwan ƙanƙara, ku saita injin yana yi yana hutawa, ku auna zafi kafin ku kunna da bayan kun kashe, ku rubuta a littafi, kar ku ce za ku riƙe a ka.

Bayan zafi, akwai matsala ta biyu da ta fi ɓoyewa. Ƙwayar nan idan ta isa iyakar mai da ruwa ba ta zama a dunƙule, bajewa take kamar malafa, tsakiya da tudu, gefe siriri ya shimfiɗu, kuma wannan gefen ne ke riƙe maƙwabciyarta ya hana ɗigo haɗewa da ɗigo. Shi kuwa sautin ƙananan kumfa yake haifarwa cikin ruwa, su girma su fashe da ƙarfi, zafin cikin kumfar a wannan ƙiftawar yana kai wajen kelbin 5000, ruwan da ke rugawa wurin kuma yana jan sarƙar folima har ta tsinke. Ƙwayoyin da ba su da yawan ɗauri tsakanin sarƙoƙin cikinsu su suka fi shan wahala. Guntayen da suka tsinke kuma ba sa zama banza, da yake ƙanana ne sai su riga ƙwayoyin isa iyakar su tare wuri, kai kana can kana auna abu kana zaton maikurojel ɗinka ne. Na daɗe ban gane ba wallahi, sai da na auna girman ƙwayoyin da DLS, wato na'urar auna girman ƙwayoyi da haske, kafin sauti da bayan sauti na ga sun canza.

Saboda haka kullum ku ware kwalba ɗaya da ba ta ga injin ba, ita ce ma'auninku. In da kwamin wanka mai wajen kilohaz 40 kuke aiki, wato injin altirasawun da ake tsoma kwalba cikin ruwansa, ƙarfinsa ba ɗaya ba ne ko'ina a ciki, ku riƙa ajiye kwalba wuri guda da zurfin ruwa guda. Bakin injin ma ku riƙa dubawa, in ya fara rami-rami to ɓarɓashin taitaniyam yana zuba cikin samfurinku, ku canza shi kafin ku ci gaba.