Lissafin Hayaƙin Gidanmu a Aboabo

Wasu matasa ne suka shigo layinmu a Aboabo, nan Kumasi, da murhun gawayi na zamani, mai yumɓu a ciki, suna sayarwa a farashin da ko kuɗin ƙarfen bai kai ba. Ni ɗan kasuwa ne, arha irin wannan ba ta kwanta mini a rai. Da na matsa da tambaya, ɗayansu ya ce, "Baba, akwai masu cika ragowar kuɗin a ƙasar waje. Hayaƙin da murhun nan ya hana tashi, shi suke saye." Ashe ba zolaya ba ce. Tun 2020 Ghana ta ƙulla irin wannan ciniki da Suwizalan, a ƙarƙashin yarjejeniyar sauyin yanayi ta Faris. Na ce to, tunda hayaƙina yana da farashi a kasuwar duniya, bari in san nawa nake fitarwa a shekara.

Na fara da shafukan intanet masu yi wa mutum wannan lissafi. Ba don mu aka yi su ba. Za su tambaye ka da me kake ɗumama ɗaki lokacin sanyi, da sau nawa ka hau jirgi. Babu gurbin gawayi, babu trotro, ƙaramar bas ɗinmu ta haya, babu pragya mai ƙafa uku, balle janareta. Sai na koma wa abin da na iya: littafin shago, biro, da sikelin awon hatsi.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Duk abin da ka ƙona, ka san yawansa, ka ninka da lambarsa. Litar fetur tana ba da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, litar dizal kusan 2.7, kilo ɗaya na gas ɗin girki kusan kilo 3, gawayi ma kusan haka. Da farko na yi gardama da ɗana, ta yaya kilo ɗaya zai haifi kilo uku. Ya ce kabon ɗin da ke cikin gawayi ba ya tashi shi kaɗai, sai ya kama iskar da muke shaƙa ya haɗu da ita, nauyin 12 ya koma 44. Na karɓa.

Mota ce ta fara fitowa fili, domin kuɗinta daga aljihuna yake fita kai tsaye. Tsohuwar motata tana shan wajen lita 20 a mako, kuma rabin man nan a tsaye take shan sa, a cunkoson hanyar Kejetia. A shekara ya haura lita 1,000, wato hayaƙi kusan tan 2.4 (tan ɗaya kilo dubu ne), kuma ba ni da wanda zan raba da shi, tunda yawanci ni kaɗai nake ciki.

Wutar lantarki ta ba ni mamaki da ƙanƙantarta. Mutanenmu har yanzu "Akosombo" suke cewa, kamar duk wutar ƙasar nan daga ruwa take. Da haka ne, bayan gama dam ɗin Akosombo a 1965, amma yau fiye da rabin wutarmu daga ƙona gas ake samun ta, a Aboadze da Tema, har da tashar da aka buɗe a Anwomaso nan Kumasi a 2024. Na ɗauki kilo 0.4 a kowane yunit. Mitarmu tana cin wajen yunit 150 a wata, tan 0.7 ke nan a shekara ga mutum shida. Duk faɗan da nake yi wa yara kan kashe ƙwan lantarki, a nan ya tsaya.

Sai gawayi. Shi ba ya zuwa da rasit, kuma kuɗinsa cikin na cefane yake ɓuya, sidi kaɗan yau, sidi kaɗan gobe a wajen Mma mai gawayi ta bakin layi. Na ce wa uwargida a daina sayen tsibi, a sayi buhu, in ɗora a sikeli. Mun tarar muna ƙona wajen kilo 60 a wata, kilo 720 a shekara, tan 2 da ɗoriya daga murhu kaɗai. Amma gawayi ya fara hayaƙi tun kafin ya iso Kumasi. Wanda ya taɓa bin hanyar Techiman zuwa Kintampo ya ga manyan motoci da buhuna an jibga har sun fi motar tsawo, ya kuma ga inda ake yin sa: a sare itatuwa, a jera, a rufe da ciyawa da ƙasa, a cinna wuta a bar ta tana ci a hankali kwana da kwanaki. Kafin a sami kilo ɗaya na gawayi, itace ninki biyar ko fiye ya tafi, yawancinsa ya bi iska. Kuma masu yi sun fi son itace mai nauyi, har kaɗanya ba ta tsira ba a arewa, alhali ita ba ta fara 'ya'ya sai ta shekara goma sha. Inda daji ya sake tsirowa, itatuwan suna mayar da wani kaso na kabon ɗin. Inda bai tsiro ba, bashi ne ya hau. Don kada in yi wa kaina rangwame, na ninka lissafin murhu biyu: tan 4 da wani abu ga gida, wajen 0.7 a kaina.

Da na haɗa da tafiye-tafiyen bas zuwa arewa da man janaretar shago lokacin dumsor, wato ɗauke-ɗauken wuta, nawa ya tashi tan 3 da rabi, ban da abinci. Abinci ban iya auna shi da sikeli ba, abin da na tabbatar kawai shi ne naman shanu ya ninka wake da kifi nesa ba kusa ba, saboda iskar metan da shanu ke fitarwa in suna tuƙa. A gidanmu dai tsada ta riga ta yi mana wannan gyaran.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Matsakaicin ɗan Ghana bai kai tan ɗaya ba a shekara, wajen 0.6 ake cewa, ko da yake wannan lissafin na mai da gas da siminti ne, ba ya sa gawayi. Na duniya yana tsakanin 4 da 5, na Amurka wajen 14. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Saboda haka ba na yarda kowa ya zo Zango ya ɗora wa mai kokon safe laifin ɗumamar duniya. Amma a cikin layinmu ni ne Ba'amurken. Maƙwabcina mai gadi, da kekensa da ƙwai ɗaya a ɗaki, sai an tara irinsa da yawa kafin su kamo ni.

Gyaran mota ya fi sauƙi a takarda, ya fi ciwo a jiki. Na ajiye ta sai ranar Juma'a da ranar ɗauko kaya, sauran kwanaki trotro, ko in taka in rana ba ta yi ba. Trotro dizal take ƙonawa, hayaƙinta ma baƙi, amma mutum goma sha ne ke raba shi. Abin da ya fi wuya shi ne bakin mutane. "Alhaji, lafiya? An sayar da motar ne?" Sai da na gaji da bayani na koma cewa likita ya ce in riƙa tafiya, wanda kuma gaskiya ne. Mai ya sauko zuwa wajen lita 8 a mako.

Kicin kuwa ba hurumina ba ne, sai da lallashi. A lissafi, tukunyar gas mai kilo 14.5 a wata tana yin aikin gawayin nan kilo 60, hayaƙinta na shekara rabin tan ne kacal. Abin mamaki, man da aka haƙo daga ƙasa ya fi itace sauƙi. Uwargida ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, zo ka ga yadda ake tuƙa tuwo." Ta ɗora tukunyar dalma a murhu, ta maƙala ƙarafa biyu a kunnuwanta, ta take su da ƙafafu, ta kama muciya da hannu biyu tana juyawa da dukkan ƙarfinta. Ta ce, "A kan teburin gas ɗinka ina zan taka?" Ba ni da amsa. Ga kuma mai gidan haya da ba ya son jin sunan gas tun fashewar Atomic Junction a Accra a 2017, sai da muka yi alkawarin tukunyar gas ɗin a waje za ta zauna, a inuwa, da sabon tiyo.

Sulhu muka yi. Tuwo da banku a sabon murhu, shayi da miya da ɗumame a gas. Sauran dabarun nata ne, ba nawa ba: jiƙa wake tun dare in za a yi waakye, rufe tukunya, haɗa kayan miya kafin a hura wuta, da kife garwashin da ya rage da tsohon kwano ya mutu don gobe. Gawayi ya koma ƙasa da rabi. Ta kuma daina tarin da take yi da asuba, wanda shi ya fi damun ta, ba tan nawa ba.

Tsohon firjin da na saya na hannu shi ne ɓarawon mita. Ba banza gwamnati ta hana shigo da irinsu tun 2013 ba. Na canza da mai tambarin taurari, alamar ƙarancin cin wuta, yunit ya ragu sosai, amma a littafin hayaƙi abin kaɗan ne, a aljihu ya fi nunawa.

Ƙarshen shekara lissafina ya dawo ƙasa da tan 2. Sai dai akwai layin da na buɗe a littafin ban cike ba tukuna. Daga Ghana zuwa Jidda wajen kilomita 4,600 ne, zuwa da dawowa kujera ɗaya tana kusan tan guda. Ina tara wa uwargida kuɗin kujerar Hajji, kuma in Allah Ya nufa tare za mu. Zan rubuta shi a littafin kamar kowane, ba zan fasa ba. Umarar da na saba sha'awar yi a kowane azumi ce na jingine.

Yanzu abin da nake sa ido a kai shi ne farashin gas. Duk lokacin da ya tashi, sai in ga buhun gawayi yana saurin ƙarewa, ba wanda ya ce mini komai. Na ware kuɗin cika tukunyar gas daban da na cefane, nakan ɗauke ta da kaina ranar Juma'a tunda motar tana fita.