Kwana Tara a Ingila Wurin Masu Ƙera Sulke

Jiya na kwance kayan da na dawo da su, ɗakin ya gauraye da warin man inji, don a cikinsa aka jiƙa zobban sulken da na sayo. Tafiyar kwana tara ce a watan Yuli. Abin da ya kai ni shi ne in ga da idona yadda mutanen can suke ƙera kayan yaƙin kakanninsu, ba don wani sarki ya sa su ba, don sha'awa kawai. Duk mai gyaran kayan hawa ya san halin da sulkenmu yake ciki: yawancin wanda ke zuwa hannuna zobbansa matse baki kawai aka yi musu, doki ya yi sukuwa biyu sai ka ga hammata ta buɗe.

Ɗan yayata da ke Birmingham ne ya ɗauke ni a mota ranar Asabar da safe, tafiyar kamar awa ɗaya, zuwa wani ƙaramin gari mai suna Tewkesbury. A nan aka gwabza yaƙi ranar 4 ga Mayu, 1471, tsakanin gidajen sarauta biyu, York da Lancaster. Sarki Edward na Huɗu ya yi nasara, aka kashe yariman ɗaya ɓangaren yana ɗan shekara 17. Kowace shekara mutane suna taruwa kusa da filin su kwaikwayi yaƙin, kuma shiga kyauta ce. Na ɗauka zan ga 'yan tsiraru. Sai ga tantuna iya ganinka, maza cikin ƙarfe daga kai har ƙafa suna bin layin sayen shayi. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne Hawan Daushe, sai dai babu tambari, babu algaita, babu mai kirari. Kuma wanda ke cikin kayan jarumin nan, in ka tambaya, direban bas ne ko malamin makaranta, da kuɗin aljihunsa ya haɗa kayan, wani shekara biyar yana tarawa.

Ban tsaya kallon yaƙin ba tukuna, kasuwa na nufa. Rumfar farko mai sulke, riguna iri biyu ya rataye. Mai matsattsen baki fam 70, mai ƙusa, wato wanda aka kulle bakin kowane zobe da 'yar ƙusa, fam 260. A canjin da na yi fam ɗaya wajen naira 2,000 ne, sai ku yi lissafi. Na taya kamar yadda ake yi a Kurmi, mutumin ya dube ni ya nuna mini takardar farashi da yatsa, bai ƙara cewa uffan ba. Ɗan yayata ya ce, “Kawu, nan ba a tayi, sai dai mu dawo gobe da yamma in suna kwashe kaya.” Gaskiyarsa. Ranar Lahadi da la'asar mutumin nan da kansa ya sakar mini jaka uku ta zobba, kowace 1,000 da ƙusoshinta, a kuɗin biyu da rabi, don ba ya son ɗaukar nauyi ya koma da shi. Ya kuma faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa a Indiya ake yin su, kamar yawancin sulke mai ƙusa da ake sayarwa a kasuwannin nan. Hannun Bature ya yi tsada da yawa ga aikin da ke cin zobe 20,000 zuwa 30,000 a riga ɗaya.

A bayan rumfunan na sami mutumin da haɗuwa da shi kaɗai ta mayar mini da kuɗin jirgina. Dattijo ne mai furfura, yana zaune a kan kututture da awartaki a hannu, yana haɗa zobba ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga na ɗauki zobe na juya shi ina neman kan ƙusar, ya gane ɗan hannu ne, ya matsa mini wuri. Awa biyu muka yi, ɗan yayata yana tafinta.

Ga yadda yake yi. Wayarsa baƙa ce mai taushi, kaurin milimita 1.4 zuwa 1.6. Na ce masa wannan ai wayar ɗaurin rodi ce da magina ke amfani da ita, ya ce ita ce, da ita masu koyo da yawa suke farawa. Yana naɗe ta a jikin sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8, ya zare naɗin, ya yanka zobe-zobe, amma ba baki da baki ba: sai bakin ɗaya ya hau kan ɗaya da kamar milimita 4. Ya zuba su a gwangwani ya sa a wuta har su yi ja, ya bar su su huce da kansu, ba ruwa. Sannan ya daki wurin da bakunan suka hau juna da guduma ya baje. A nan ne mai koyo ke fara asara, don in dukan bai sauka a miƙe ba bakunan zamewa suke yi, ɗaya ya yi gabas ɗaya yamma. Bayan bajewa sai a sake mayar da su wuta, saboda duka yana taurara ƙarfe, in ka huda a haka tsinkenka ne zai karye. Hudar ma ba da injin huda ake yi ba. Tsinke ne mai baki kamar na ƙaramar wuƙa, yana tsaga ƙarfen ya tura shi gefe, ba ya cire komai. In tsagar ta karkata ko da kaɗan, gefen zoben zai yage, sai shara. Ƙusar 'yar mitsitsiya ce mai kusurwa uku, a cusa ta, a matse da awartakin da aka yi wa ɗan rami a baki ɗaya, kan ƙusar ya fito kamar ƙwayar gero. Kowane zobe yana riƙe da huɗu, kuma kawunan ƙusoshi duka waje suke kallo, don kada su cinye rigar ciki.

Ya gargaɗe ni a kan farar waya, irin mai shafen da ke jikin kwanon rufi. Kada a sa ta a wuta, hayaƙin shafen yana kwantar da mutum da zazzaɓi. Na ga yara suna ƙona irinta a maƙerunmu ba ruwansu, wannan a kiyaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ɗinki. Ya ce sulke riga ce, tela ke yin ta. Na kasuwa kamar buhu yake: faɗi ɗaya daga ƙirji har gwiwa, hannuwa kamar bututu, nauyin duka ya taru a kafaɗa. Na da kuwa ana ƙara zobba a bayan kafaɗa don hannu ya miƙe gaba, a rage a ƙugu, a sake ƙarawa a kwatangwalo don mahayi ya zauna a sirdi. Ya sa mini nasa, kilo 9, ya ɗaura mini ɗamara. Rabin nauyin ya sauka a ƙugu, na ɗaga hannuwa sama ba abin da ya riƙe ni. Tun zamanin Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, tarihin Kano ya ce aka shigo da sulke da lifidi da kwalkwali. Shekara fiye da 600 muna da abin nan, amma ban taɓa jin wani a cikinmu ya shimfiɗa tsohon sulke ya ƙirga layukansa don ya gano inda maƙerin ya ƙara zobe ba. Su haka suke yi, da ma'auni da littafin rubutu. Wannan ya dame ni ƙwarai, har yanzu ma yana damuna.

Yaƙin kansa da yamma aka yi. Bindigogin toka da igwa suna tashi, 'yan baka suna harba kibau masu kan roba, sahu biyu suka haɗu da ƙara kamar an zubar da tukwane daga kan mota. Zafin ranar bai kai ko na hantsin Kano a watan Afrilu ba, amma masu ɗauke da ruwa suna bin sahu suna ɗura wa mayaƙa, don a cikin ƙarfe da rigar auduga mai kauri zafi ne babban abokin gaba, ba takobi ba. Rigar cikin nan tasu 'yar'uwar lifidi ce, sai dai su yadi suke jerawa falle-falle ko su cusa auduga, mu audugar rimi. Abinci kuwa a kula, naman alade ya yi yawa a wurin. Dankali da wake na ci, fam 8, kuɗin da zai ciyar da gida guda a nan.

Dattijon ya gayyace mu gidansa ranar Litinin. Matarsa ta tambayi ɗan yayata tun a waya abin da ba ma ci, ta dafa kifi, ta kuma share mana wuri a falo muka yi azahar. Maƙerarsa 'yar rumfar katako ce a bayan gida, ba ta kai shagon mai faci ba. A nan yake yin sulken faranti, wato na fallen ƙarfe. Yana fara yanka fasalin a kwali, ya gwada a jikin mai kayan, sannan ya sauke a ƙarfe. Kaurin ya danganta da wuri: kwalkwali milimita 2, ƙirji 1.5, hannu da ƙafa 1.2 ko ƙasa da haka. Akwai kututturen itace da ya rarake kamar turmi, a ciki yake dukan falle ya yi ƙoƙo. Ya ce wannan hanyar ta fi sauƙi amma tana sirantar da tsakiya, daidai inda sara zai sauka. Don haka kwalkwali da murfin gwiwa daga waje yake dukansu, a kan turken ƙarfe mai zagayayyen kai, yana zagayawa layi-layi yana tattaro ƙarfen ciki, yana sa shi a wuta tsakanin zagaye. Bayan nan sai ƙaramar guduma mai santsin fuska ta share tabon duka, sai naɗe baki don kada ya yanki mai sawa.

Gaɓoɓi da ƙananan noti yake fara haɗa su, a lanƙwasa, a miƙe, a gyara rami, sai komai ya tafi daidai ya sa ƙusa ta dindindin. In ramin ya kauce da milimita biyu, ko gwiwa ta cije ko ta buɗe baki. Mai kuɗi yana sa a yi masa da ƙarfe irin na sifirin, a gasa shi ya wuce digiri 800, a tsoma a mai, a sake ɗumama shi a tanda don kada ya yi ƙwari ya fashe. Yana ba da damar rage kauri, amma wurin tsomawa falle kan murɗe, aikin mako guda ya tashi a banza. Ya nuna mini guda biyu da suka murɗe masa, ya rataye su a bango.

Shawararsa ga mai son tarawa ita ce kada ya fara da kwalkwali, ko da yake kowa da shi yake farawa. A fara da rigar ciki mai igiyoyi, don a jikinta ake ɗaure ƙarfen hannu da na cinya, kuma a kanta ake awo. Farantin ƙirji ya tsaya a ƙarshen haƙarƙari, in ya sauka ƙasa da haka mutum ba zai sunkuya ba. Cikakken kaya kilo 20 zuwa 25 ne, in an yi shi daidai jiki ana gudu da shi, ana hawa doki ba mai ɗagawa. A kuma yi hattara da masu jiƙa sabon ƙarfe a ruwan gishiri ya yi tsatsa su ce tsoho ne, shi ya sa yake buga tambarinsa a cikin duk abin da ya ƙera. Tsatsa kuwa, faranti a goge shi a shafa kakin zuma ko mai mara kauri, kada a taɓa da hannu mai gumi. Sulken zobe a zuba shi a durom da busasshen yashi a yi ta mirginawa. Wannan zai yi mana amfani bayan hawan da ya faɗo cikin damina.

Da za mu tafi ya ɗauko awartakinsa na matse ƙusa da tsinke biyu ya ba ni. Na ciro kuɗi, ya ɓata rai sosai. Na ba shi hular da na zo da ita, ya sa a take.

Laraba muka hau jirgin ƙasa zuwa Leeds, gidan adana makamai na Royal Armouries, wanda aka buɗe a 1996, shi ma kyauta. Kuɗin jirgin ne ya yi ciwo. Na ga sulken da aka yi wa Sarki Henry na Takwas a 1520, wanda ya rufe jiki duka ba kafar da tsinke zai shiga, da sulken giwa daga Indiya mai nauyin kilo 118. Na fi daɗewa gaban rigunan zobe na ƙasashen Musulmi, layi ɗaya mai ƙusa, layi ɗaya zobe rufaffe da ba shi da baki. Wannan dabarar tana rage aikin ƙusa da rabi.

Landan kwana ɗaya, ruwan sama, na leƙa Wallace Collection, gidan adana zane-zane da tsoffin makamai, na fito.

A filin jirgi wani ma'aikaci ya ga zobban a na'ura, ya zazzage jakata a kan tebur, ya yi mini magana kamar ya kama ɓarawo, bai bari na gama bayani ba. Sai da wata abokiyar aikinsa ta zo ta duba, ta ce a mayar da awartakin da tsinkayen cikin babban akwati. Ƙusoshi da dama sun zube a ƙasa, ban tsaya tsinta ba.

Yau da safe na aiki yaro kasuwa ya sayo wayar ɗaurin rodi kilo biyu. Cikin zobba 50 na farko, 19 sun yage wurin huda.