TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Bashin Karatu

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya ne a inda Umma ta sayar da tumakinta aka haɗa da kuɗin adashi na yi rijistar aji biyu. To yau za mu ɗora daga nan.

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar gwamnati a waɗannan shekarun ya san abin da muka gani. A 2022 malaman jami'a suka tafi yajin aiki tun watan Fabrairu, ba su dawo ba sai Oktoba, wata takwas muna zaune a gida. Muna komawa ba a jima ba, ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin motar da nake biya daga garinmu zuwa makaranta ya ninka. Sai kuma jami'o'in tarayya suka shiga ƙarin kuɗin rijista ɗaya bayan ɗaya, tamu ma ba a bar ta a baya ba. A ajinmu akwai waɗanda tun daga lokacin ba mu sake ganinsu ba. Babu wanda ya kore su, kawai dai sun daina zuwa.

Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya, ga 'yar gona a bayan gari, ga mu takwas a gabansa. Na cike takardar tallafin karatu na jiharmu, na kai takardar shaidar ƙaramar hukuma, aka yi mana tantancewa a rana tsaka, daga nan shiru kake ji. Muna ta jin labari a rediyo cewa gwamnatin Kano ta biya wa 'yan asalin jiharta dubu bakwai kuɗin rijista a Jami'ar Bayero, mu dai sai "Allah Ya sa mu ma a tuna da mu."

Maganar bashin ɗalibai kuwa tun watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokarta, amma wannan dokar ta farko ba ta talaka ba ce ko kusa. An ce sai abin da gidanku ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, sannan ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Don Allah gidan da ba ya samun dubu ɗari biyar a shekara, ina ya san lauya mai shekara goma? A watan Afrilun 2024 aka soke ta aka yi sabuwa, aka cire sharaɗin masu tsayawar da na kuɗin shigar iyaye. Ranar 24 ga Mayu hukumar da ake kira NELFUND ta buɗe shafinta na intanet.

A ɗakin kwananmu ba a maganar komai sai ita. Wasu sun cike tun daren farko. Ni kuwa na kasa, don na san gidan da na fito. Baba mutum ne da ko gishiri ba ya yarda a karɓo bashi a shagon unguwa. In babu, a ci haka.

Na bari sai da na je hutun Babbar Sallah. Ban tunkare shi kai tsaye ba, Umma na fara gaya wa, ita kuma ta jira sai da aka gama suyar nama hankali ya kwanta. Washegari bayan sallar Isha'i ya aiko ƙanena ya kira ni zaure. Baba ba ya faɗin sunana saboda sunan mahaifiyarsa ne, Uwata yake ce mini.

"Uwata, me nake ji? Bashi za ki ci?"

Na ce, "Baba, ba irin na banki ba ne. Babu ruwa a ciki, abin da aka ba mutum shi zai mayar."

"Haka suke cewa da farko. Ke kin taɓa ganin gwamnati ta ba da abu don Allah?"

Na yi shiru, don ban isa in yi musu da wanda ya shekara yana bin haƙƙinsa na ritaya ba. Sai na shiga yi masa bayani yadda na fahimta. Kuɗin rijista ba ya biyowa ta hannun ɗalibi, makarantar ake tura wa kai tsaye. Wanda ya nemi na ɗawainiya kuma ana sa masa naira 20,000 a asusunsa duk wata. Ba a fara biya sai an shekara biyu da gama bautar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa ba da kashi goma na ribarsa.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya faɗi abin da yake damunsa tun farko, wanda ba ruwansa da lissafi. Ya ce an taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) gawa, ya tambaya ko akwai bashi a kanta, aka ce akwai, ya ce su yi wa ɗan'uwansu salla, sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin bashin sannan ya sallace ta. Ya ce, "Ni na kusa kabari, ke ma ba ki da tabbas. In ta Allah ta kasance, wa za a bi? Shugaban ƙasa za a nemo a wajen jana'iza a ce ya yafe?"

Wallahi ban yi dariya ba, don shi ma ba wasa yake yi ba. Masu zama a Abuja suna mamakin abin da ya sa wasu iyaye a Arewa suka ja baya da wannan tsari, har ana cewa rashin wayewa ne. Ni ban yarda ba. Mutumin da ya tashi yana jin cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, ba za ka ce masa "ai kowa ma yana karɓa" ya gamsu ba. Amsa yake so, kuma yana da haƙƙin a ba shi ita.

Kafin gari ya waye magana ta kai kunnen Gwaggo, yayar Baba. Da hantsi sai ga ta da mayafi a kafaɗa. Ita damuwarta daban ce. "Wa zai auri yarinya da bashin gwamnati a kanta? A kai lefe a kai sadaki, sannan a ce ga takardar bashi?" Umma ta ce, "Haba Yaya, ai bashi hanji ne, yana cikin kowa." Gwaggo ta ce nata cikin dai babu na gwamnati.

Kawu ne ya raba gardamar, ƙanen Umma da ke aikin koyarwa a sakandare. Ya zo da wayarsa ya karanta wa Baba abin da sabuwar dokar ta tanada, cewa wanda ya rasu ana yafe masa, ba a bin iyaye ko magada, wanda kuma bai samu aiki ba yana iya rantsuwa a rubuce a ɗaga masa ƙafa. Baba ya sa ya maimaita masa wajen rasuwar. Duk da haka bai ce komai ba sai da ya je wajen limamin masallacinmu. Liman ya ce masa rancen da babu ƙari a kansa halal ne, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, ba hana bashi ta yi ba, cewa ta yi a rubuta shi a kafa shaidu. Game da aure kuma ya ce dukiyar mace tata ce, bashinta ma nata ne, ba ya hawa kan miji.

Da Baba ya dawo sai ya ɗauko tsohon littafin da yake rubuta lissafin gona, ya buɗe sabon shafi ya rubuta kwanan wata. Ya ce duk abin da aka biya mini, ko na wata ne, in kira shi ya rubuta. Ya sa Kawu da babban yayanmu suka sa hannu. Kuma ya ce duk wanda ya zo neman aurena shi da bakinsa zai gaya masa. Gwaggo ta ce to shi ke nan, sai mu tanadi kujerar zama a gida.

Cikewar kanta ba ta da wuya in takardunka sun daidaita. Lambar JAMB ake nema, da lambar NIN, da BVN, da takardar shaidar samun gurbin karatu, da lambar ɗalibi, kuma sai makarantarku ta riga ta aika da sunanka. Inda ake shan wahala shi ne suna. Mu nan yaro zai yi firamare da sunan mahaifinsa, ya yi jarrabawa da sunan kakansa ko na garinsu, a katin ɗan ƙasa kuma a juya su gaba ya koma baya. Wata ƙawata haka ta yi ta safa da marwa tsakanin banki da ofis saboda harafi ɗaya a sunanta. Ni Allah Ya taimake ni Baba malamin makaranta ne, tun muna yara suna ɗaya yake rubuta mana a ko'ina. A shagon intanet na bakin kasuwa na cike, yaron shagon ya karɓi kuɗin aikinsa, na fito da 'yar takarda a hannu.

Naira 20,000 kuwa kada wanda ya ɗauka wani abin kirki ce a wannan zamani. In ka sayi garin kwaki da taliya da ɗan mai, ka biya kuɗin buga takardun darasi, ka sa data, kafin tsakiyar wata ta ƙare. Amma ga wadda take auna ko ta ci da rana ko ta bari sai dare, ba ƙaramin abu ba ne.

Na koma makaranta ina duba shafin safe da yamma, kullum amsa ɗaya, ana kan tantancewa. A tsakiyar watan Yuli muka ga a labarai an ƙaddamar da fara rabon kuɗin a Abuja, ɗakinmu ya kaure da murna. Ana cikin haka sai aka liƙa sanarwa a allon sashenmu cewa ranar Juma'a za a rufe rijista, kuma wanda bai biya ba ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba. Ranar Talata ce. A asusuna akwai abin da bai kai kuɗin motar gida ba, tumakin Umma kuma sun riga sun tafi tun bara.

Wanda na kira a daren nan, da abin da ya biyo baya, sai a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.