Laftof ta ƙi kamawa? Fara da caja

Kafin ka kai ta wajen mai gyara a Kasuwar Gumi ta Kaduna, duba caja tukuna. Wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, ko ta janareta, caja take fara ƙonawa. Yawancin cajojin HP da Dell 19.5V suke bayarwa. A auna da mitar gwada ƙarfin wuta, ko ka ari wata caja irinta ka gwada.

In caja lafiya take, zare ta, cire batir, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, sannan ka jona caja kaɗai.

Fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin? Galibi matsalar RAM ce, wato ɗan siririn allon ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi da ke cikin laftof, balle lokacin ƙurar hunturu. Ciro ta, goge haƙoranta da robar goge fensir, mayar da ita ta zauna daram. In kuwa ka ji ƙauri, kar ka sake jonawa.